MU KOYI TURANCI: Gishirin Bature Da Gishirin Bahaushe

  

Darasinmu na wannan wata a kan gishiri yake. Babu gidan da ba a san gishiri ba. Miya kome yawan namanta, in babu gishiri lami ce. To, Turawa suna da wata karin magana da suka gina a kan gishiri. Ana jin ta a rediyo, ana ganin ta a jarida, ma'aikata suna faɗin ta a ofis. Wanda ya san ta ya ƙaru da Turanci. Wanda kuma ya yi aiki da ita zai iya tsirar da kuɗinsa, wani lokaci ma har da ransa.

Ga maganar:

Take it with a pinch of salt.

KALMOMIN DA KE CIKI

Bari mu bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. A ɗauko alli da allo, ko fensir da littafi, a rubuta su.

Take: ɗauka, ko karɓa, ko sha.
It: shi, ko ita.
With: da, ko tare da.
A pinch: ɗan abin da babban yatsa da manuniya za su iya ɗiba.
Of salt: na gishiri.

Ana faɗin ta kamar haka: tek it wid e pinc of solt. A lura da abu biyu. Na ɗaya, ch na Turanci shi ne c namu na Hausa, irin wanda ke cikin kalmar ciki. Na biyu, harafin p ba f ba ne. A rufe leɓɓa biyu, sannan a buɗe su da 'yar iska. Wanda ya ce finch maimakon pinch, sunan wani ɗan tsuntsu ya kira.

Mutanen Ingila sun fi cewa pinch. Mutanen Amurka kuwa sun fi cewa grain, wato ƙwaya. Su sai su ce take it with a grain of salt. Ma'anar duk ɗaya ce.

MA'ANARTA

In aka bi kalmomin kawai, cewa aka yi: karɓe shi tare da ɗan gishiri. Amma karin magana ba a fassara ta kalma da kalma. Bahaushe in ya ce wane ya sha kwana, ba ruwa ya sha ba. Haka wannan ma. Ba abinci ake nufi ba, magana ake nufi.

Ma'anarta ita ce: ka saurari magana, amma kada ka yarda da ita duka. Wataƙila akwai gaskiya a ciki, wataƙila akwai ƙari. Ka dakata, ka auna, ka bincika.

Mutum uku ne suke jin labari. Na farko yana haɗiye kome, ko taunawa ba ya yi. Na biyu yana tofar da kome, kowa maƙaryaci ne a wurinsa. Na uku shi ne mai ɗanɗanawa kafin ya haɗiye. Wannan karin magana na ukun take so mu zama.

Ga misali. Wani manomi ya je kara zai sayi saniya. Dillali ya ce masa, "Malam, wannan saniyar ba ta taɓa ciwo ba, nononta kuwa sai ka rasa ƙwaryar zubawa." Ɗan manomin, wanda ke makarantar sakandare, ya matso kusa ya raɗa masa, "Baba, Turawa suna cewa take it with a pinch of salt. A duba haƙoranta da hantsarta tukuna." Yaron bai ce dillali ƙarya yake yi ba. Cewa ya yi dillali la'adarsa yake nema, ba kuwa zai kushe hajarsa ba.

KADA A RIKITA TA DA TAMU

A nan ne Bahaushe mai koyon Turanci yakan yi tuntuɓe. Mu ma muna da maganar gishiri. Mukan ce wane ya ƙara wa labari gishiri. Wato ya yi ƙari, ya zuzuta abu ya wuce yadda yake. Maharbi ya harbo zomo, kafin ya iso gari zomon ya zama barewa. Wannan shi ne ƙarin gishiri.

To, a lura da bambancin. A Hausa, mai ba da labari ne yake zuba gishiri, don labarin ya yi daɗi. A Turanci kuwa, mai sauraro ne yake riƙe da gishirin, don kada labarin ya cuce shi. Gishirin Bahaushe na mai baki ne. Gishirin Bature na mai kunne ne.

Saboda haka in Bature ya ce maka ka karɓi labari da ɗan gishiri, ba cewa ya yi ka je ka ƙara masa ba. Cewa ya yi ka rage.

SARKIN DA KE TSORON GUBA

Yanzu sai mu koma ga asalin maganar. Tarihinta ya girmi Turanci kansa.

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, an yi wata ƙasa da ake kira Fontus. Tana bakin tekun da ake kira Bahar Aswad, a arewacin ƙasar Turkiyya ta yau. Sarkinta sunansa Mitiridatis na Shida. Ya gaji sarauta wajen shekara ta 120 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A tuna, shekarun kafin haihuwar Annabi Isa da baya-baya ake ƙirga su. Wato shekara ta 120 ta riga shekara ta 63 zuwa.

Mitiridatis yana yaro aka kashe mahaifinsa. Marubutan dā sun ce guba aka sa masa a wajen liyafa. Tun daga nan yaron ya tashi da tsoron guba. Ba ya sakin jiki da abinci, ba ya sakin jiki da mutanen fada. Sai ya duƙufa wajen neman makari. An ce kullum yakan sha guba 'yar kaɗan tare da magunguna, wai don jikinsa ya saba.

Wannan sarki ya yi yaƙi da Rumawa har sau uku. Rumawa su ne mutanen birnin Rum, a ƙasar Italiya ta yau. A zamanin nan su ne masu ƙarfi a wannan sashe na duniya. A shekara ta 66 kafin haihuwar Annabi Isa, wani sarkin yaƙin Rumawa mai suna Fomfe ya ci shi da yaƙi. Mitiridatis ya gudu ya tsallaka zuwa ɗaya gefen teku. A can ɗansa na cikinsa ya yi masa tawaye. Ya mutu a shekara ta 63. Marubutan dā sun ce da ya ga an rutsa da shi sai ya sha guba, amma ba ta kashe shi ba, sai da ya sa wani sojansa ya sare shi da takobi.

Da Fomfe ya kwashe kayan sarkin, sai aka sami wata takarda a ma'ajiyarsa. Da hannunsa ya rubuta ta. Haɗin makarin guba ne a ciki. Ga abin da aka lissafa: ɓaure guda 2, da busassun 'ya'yan wata bishiya masu ƙwanso mai tauri guda 2, da ganyen wani tsiro mai ɗaci guda 20. A daka su wuri ɗaya. A ƙarshe a sa ƙwayar gishiri guda ɗaya. Takardar ta ce duk wanda ya sha wannan haɗi kafin ya karya kumallo, guba ba za ta kama shi ba a wannan rana.

Kun ji inda ƙwayar gishiri ta fara fitowa.

MUTUMIN DA YA RUBUTA LABARIN

Wa ya kawo mana wannan labari? Wani masani ne Barume, ana kiransa Filini Babba. An sa masa Babba ne don a bambanta shi da ɗan 'yar'uwarsa, wanda shi ma marubuci ne mai irin sunansa. Filini soja ne, ma'aikacin hukuma ne, kuma mutum ne mai tsananin son karatu.

Wajen shekara ta 77 bayan haihuwar Annabi Isa ya gama wani babban littafi a kan tarihin halittu. Littafin kashi 37 ne. Ya yi bayanin taurari, da ƙasashe, da dabbobi, da itatuwa, da magunguna, da duwatsu. Shi da kansa ya ce ya tara batutuwa 20,000 daga littattafai kamar 2,000. A kashi na 23 ne ya kawo haɗin maganin Sarki Mitiridatis. Ya mutu a shekara ta 79, lokacin da wani dutse mai aman wuta da ake kira Besubiyas ya fashe kusa da birnin Nafoli. Ya tafi da jiragen ruwa ne don ya ceto mutane, ajali ya same shi a bakin gaɓa.

Filini ya tara ilmi mai yawa. Amma ya tara an ce da an ce mai yawa kuma. A cikin littafin nan nasa ya rubuta cewa a Afirka akwai wasu mutane marasa kai, idanunsu da bakinsu a ƙirji suke. Mu da ke zaune a Afirka mun san babu su. Labarin matafiya ya ji, ya rubuta bai gani ba. Ashe littafin da ya kawo mana ƙwayar gishiri, shi ma sai da ƙwayar gishiri ake karanta shi.

YADDA TA SHIGA TURANCI

Da harshen Latin Filini ya yi rubutu. Shi ne harshen Rumawa. Bayan daular Rumawa ta faɗi, malaman Turai sun ci gaba da karatu da rubutu da Latin shekaru aru-aru, kamar yadda malamanmu suke yi da Larabci. A cikinsu ne aka fara cewa da Latin a karɓi magana da ƙwayar gishiri. Daga baya aka juya ta zuwa Turanci. Ana samun ta a cikin wani littafin sharhi da wani limamin coci na Ingila, mai suna Jon Taraf, ya buga a shekarar 1647. Ƙwaya aka fara faɗi. Ɗiban yatsu biyu daga baya ya zo.

To, yaya aka yi maganar magani ta koma maganar kunne? Masana sun kawo bayani uku.

Na ɗaya, sun ce an kamanta labarin ƙarya da guba. Shakka kuwa ita ce makarinta, kamar ƙwayar gishirin sarki.

Na biyu, sun ce gishiri yana sa abinci marar daɗi ya haɗiyu. Haka labari mai wuyar yarda, sai an sa masa ɗan gishiri kafin ya wuce.

Na uku, a harshen Latin kalmar gishiri ita ce sal. Wannan kalma kuma tana nufin basira da kaifin hankali. In haka ne, cewa aka yi ka karɓi magana da ɗan hankalinka.

Duk wanda aka ɗauka a cikin ukun, wuri ɗaya suka nufa: kunne ya ji, hankali ya tace.

GARGAƊI: WANKAN GISHIRI

Jama'a, a nan sai an yi hattara. Mun ba da labarin maganin sarki ne don tarihi. Ba magani ba ne. Ɓaure da ganye da gishiri ba sa karya guba. In wani ya sha maganin ƙwari na gona, ko maganin ɓera, ko kananzir, kada a tsaya dake-dake. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar abin da ya sha don likita ya gani.

Da yawa daga cikinmu za su tuna shekarar 2014. A watan Yuli na wannan shekara cutar Ebola ta shigo Legas ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya. Tsoro ya kama kowa. A farkon watan Agusta sai wani saƙo ya bazu ta wayar hannu cikin dare ɗaya. Wai kowa ya tashi kafin gari ya waye, ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha. 'Yan'uwa suka dinga tashin juna daga barci. Kowa don ƙauna ya yi, ba don mugunta ba. Amma kaɗan ne suka tsaya suka ce, wa ya faɗa?

Hukumomin lafiya suka fito suka ce labarin ba shi da tushe. Amma aikin gama ya gama. An kwantar da mutane a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa aƙalla mutum 2 sun mutu a Nijeriya saboda shan ruwan gishiri. Gishiri mai yawa yana da haɗari, musamman ga mai hawan jini. Hukumar ta ce abin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Abin da ya kori Ebola shi ne keɓe marasa lafiya, da bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da su, da wanke hannu. A ranar 20 ga Oktoba 2014 aka tabbatar da cutar ta ƙare a Nijeriya. Da a ce an karɓi wancan saƙo da ɗan gishirin Bature, da ba a sha gishirin da ya yi kisa ba.

Sai dai kada wani ya ce daga yau ya bar ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. Wannan daban ne. Shi an gwada shi, yana da ma'auni, ma'aikatan lafiya ne suke koyar da shi. Wanda ya ƙi kome ya yi asara kamar wanda ya yarda da kome.

MU GWADA DA WANI LABARI

Ga wani labari da ake yawan bayarwa. Albashi da Turanci shi ne salary. Ana cewa wai sojojin Rumawa da gishiri ake biyan su, shi ya sa aka sa wa albashi wannan suna. Labarin yana da daɗin ji. Bari mu ɗanɗana shi kafin mu haɗiye.

Gaskiya ne kalmar ta fito daga Latin, kuma tushenta sal ne, wato gishiri. Gaskiya ne gishiri yana da daraja a zamanin dā. Akwai wata tsohuwar hanya da ta tashi daga birnin Rum, sunanta Hanyar Gishiri. A ƙasar Habasha an daɗe ana ciniki da sandunan gishiri a matsayin kuɗi. Mu ma mun san ayarin raƙuma da ke ɗauko kantu daga Bilma da Fashi, a yi musayarsa da gero.

Amma masanan da suka bi tsofaffin littattafan Rumawa ba su sami inda aka ce an biya soja da gishiri ba. Abin da suka samu shi ne da kuɗin azurfa ake biyan su. A zamanin Sarki Agustas, ƙaramin soja yana karɓar dinari 225 a shekara. Kalmar dinari da muka sani daga sunan wannan kuɗi ta fito, ta biyo ta Larabci ta iso mana.

Kun gani, rabin labarin gaskiya ne, rabin kuma ƙari ne. Labarin gishiri ma an ƙara masa gishiri.

YADDA ZA A YI AMFANI DA ITA

Ga jimloli uku. A karanta su da ƙarfi, a maimaita.

Take his story with a pinch of salt. Wato: kada ka yarda da labarinsa duka.

Take this message with a pinch of salt. Wato: ka yi hattara da wannan saƙo.

I took the news with a pinch of salt. Wato: na ji labarin, amma ban sakankance ba. A lura, take ta koma took saboda abin ya riga ya wuce.

Akwai ladabi a ciki. Ba a faɗa wa mutum ita a gabansa game da maganarsa, balle dattijo ko maigida. Zai ji kamar an ƙaryata shi. Shawara ce da ake ba ɗan'uwa ko aboki game da maganar wani.

Wace magana ce ke bukatar ɗan gishiri? Maganar mai tallar magani a kasuwa, wanda kwalbarsa ɗaya ke warkar da basir da shawara da ciwon ido. Alkawarin mai neman ƙuri'a. Saƙon waya da ke cewa ka ci kyauta, ka turo lambar sirri ta asusunka. Takin zamani da aka karyar da kuɗinsa fiye da kima. Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Kafin a yarda, a yi wa kai tambaya uku. Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani, ko shi ma ji ya yi? Me zai samu in na yarda? In batun gona ne, a tambayi malamin gona. In batun lafiya ne, a tambayi malamin asibiti. In a rubuce yake, yanzu da mun iya karatu, mu karanta da kanmu. Gani ya kori ji, matambayi kuma ba ya ɓata.

TAMBAYOYI

1. Rubuta karin maganar wannan darasi sau 5 a littafinka.
2. Mece ce ma'anar kalmar pinch? Mece ce ma'anar grain?
3. Mene ne bambancin gishirin Bature da ƙarin gishiri na Hausa?
4. Me ya sa Sarki Mitiridatis yake tsoron guba?
5. Wa ya rubuta labarin maganin sarkin, kuma a wace shekara?
6. Me ya kamata a yi in yaro ya sha maganin ƙwari?
7. Faɗi wani labari da ka taɓa ji a garinku, ka yarda da shi, daga baya ya zama ba haka ba ne. Wace tambaya ce cikin ukun nan da za ta cece ka?

Tambaya ta 7 a tattauna ta a aji, ko a dandali bayan sallar isha'i. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a wata mai zuwa da wata karin maganar, in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.